Ranar da Wule Ya Ƙi Hawa Kwalta

…na ce ku ajiye taɓaren nan ku matso, geron ba zai gudu ba! Ke mai tankaɗe, leƙa ta bisa danga ki kira na gidan can su ma! Wanda ya sani ya ƙara ji, wanda bai sani ba ya buɗe kunne, yau sai kun ji abin da Na'Allah namu ya yi da bijimi guda ɗaya tak, a gaban komandan jandarma, a gaban Alhaji mai motoci, kasuwar Cadawa kaf tana kallo!

Na'Allah ƙanena ne, ciki ɗaya. Kafin shi uwarmu ta binne 'ya'ya uku a jere, shi ya sa da aka haife shi babu wadda ta yi guɗa da ƙarfi. Aka ce a bar wa Allah kayanshi, sunan ya bi shi ke nan. Sai ga yaro ya rayu, siriri, baƙi, marar magana, in ya kafe kan abu ko an dake shi ba ya sakewa. Lakol, makarantar boko, shekara uku ya yi. Malamin lakol ya gaji da aiko nemanshi, don kullum aka duba yana can rugar Bakari, Bafulatanin da ke sauka bayan gonarmu, yana zaune cikin maruƙa kamar shi ya haife su.

Yana da shekara goma sha biyu babanmu ya ba shi jakinmu ya kai niƙa Cadawa. A bakin kwalta, babbar hanyar nan da ta taso daga Maraɗi ta nufi Gazawa, igiya ta suɓuce mishi. Jaki ya hau hanya, wata babbar mota ta bi ta kanshi, ko tsayawa ba ta yi ba. Yaro ya dawo gida da igiya a hannu. Babanmu bai taɓa shi ba, bai ce mishi komi ba, kuma shirun nan ya fi mishi duka zafi. Tun daga ranar Na'Allah yake kallon kwalta kamar rijiya marar murfi.

Da ya girma ya auri Jummai, ya noma aya damina uku yana ƙulle bakinshi, sannan ya je wurin Bakari ya zaɓi maruƙa biyu. Ɗaya baƙi wuluk, sunanshi Ɓaleri. Ɗaya ja mai farin goshi, shi ne Wule.

Bakari ya ce mishi, "Kaɗo, ka iya zaɓe. Baƙin nan ƙarfi gare shi. Mai farin goshin nan kuwa kai gare shi, abin da ka sa mishi a ciki ko wuƙa ba ta fidda shi."

To, ku ji abin da ya sa mishi. Rani guda cur, kowace safiya, Na'Allah zai ja maruƙan nan har bakin kwalta ya tsaya. In sun tsaya, ya ba su dusa da kanwa a tafin hannu. In ɗaya ya kuskura ya ɗora kofato bisa kwalta, sai ya juya da su gida, ranar babu dusa. Haka, haka, har suka gane. Da suka isa ɗaukar karkiya, ya ɗaura musu amalanke, ko da gudu suke tafe, suna isa bakin kwalta za su ƙame kamar an dasa su. In ƙetarewa za a yi, sai Na'Allah ya sauko da ƙafarshi, ya zagayo gabansu, ya duba gabas, ya duba yamma, ya ɗora tafin hannu a farin goshin Wule ya ce, "Bismillah, mu je." Sannan su hau. In bai yi haka ba, ko sama da ƙasa za su haɗu ba su motsawa.

Kai, ya sha dariya! Sauran masu amalanke suna bisa buhu a kishingiɗe, shanunsu na ratsa kwalta yadda suka ga dama, su waiwayo su ce mishi, "Malam Na'Allah, shanun naka ba su gama alwala ba?" Wasu su ce, "A gaida kwalta, a tambaye ta kwanan iyali!" Har suna suka sa mishi, Sannu-Kwalta. Shi dai murmushi. Shekara bakwai yana jigilar aya da gero da wake daga ƙauyukanmu zuwa kasuwa, ko buhu ɗaya bai taɓa fashewa a hannunshi ba. Matan da ke tsoron a zubar musu da kaya, shi suke jira ko da za su yi latti.

Sai kakar nan da ta wuce, bayan an gama haƙar aya, ranar kasuwa da hantsi. Ya ɗoro buhu takwas, yana zaune bisa, yana bin hanyar yashi ta masu amalanke wadda ke kwance gefen kwalta. Ɓaleri ne ta ɓangaren hanya. Ya ji kukan mota ta bayanshi, bai ko damu ba, tunda ba a hanyarta yake ba. Abin da ya tuna na ƙarshe shi ne kunnen Wule da ya miƙe tsaye.

Motar haya ce, hiyas, cike da mutane. Direban, wani saurayi Sufyanu, ya zo wuce wata babbar mota, sai ga wata gaba da gaba. Ya murɗe kan mota, ta sauka daga kwalta ta faɗa yashi, ta ɗebi Ɓaleri da gefen amalanke. Na'Allah ya tashi sama ya faɗo, ƙafar amalanke ta danne mishi cinya. Aka kwashe shi bai san inda kanshi yake ba, aka yi asibitin Maraɗi da shi.

Ga inda abin ya lalace, kuma wallahi mutanen kirki ne suka lalata shi. Ɓaleri yana kwance yana shure-shure, baya ya karye. Kowa ya san in ya mutu a haka ya zama mushe, mai shi ya yi asara biyu. Aka yi ta ihu, "A kawo wuƙa! A yanka kafin rai ya fita!" Ado mahauci yana kan hanyarshi ta zuwa kasuwa, ya diro daga babur. Ya duba yashi ya ce nama zai ɓaci, sai majiya ƙarfi suka kama ƙafafu suka ja Ɓaleri bisa gefen kwalta inda ke da tsabta, aka fuskantar da shi alƙibla, Ado ya yanka, ya feɗe a nan. Mata kuma suka bazu suna tsince ayar da ta watse suna mayarwa buhu don kar ta salwanta. Wasu suka tura motar suka maida ta bisa hanya. Kafin jandarma su iso, sawun taya a yashi ƙafafun mutum ɗari sun shafe shi, an kai nama kasuwa, fasinjoji sun shiga wasu motoci sun yi gaba. Abin da ya rage a wurin, jini ne malale bisa kwalta.

Jandarma suka auna da igiyar awo, suka zana inda jini yake. Suka tambayi Sufyanu. Yaro ya ce, "Barci yake bisa buhuhuwa, shanu suka hawo mini kwalta da kansu." Magana ta dace da jini, aka rubuta. Baba Ɗanmalam, ƙanen babanmu, shi ne babba a gidan yanzu, aka kira shi. Tsoho ya zo yana hawaye, ya ce, "Ƙaddara ce, mu mun yafe, Allah ya kiyaye gaba." Aka miƙo takarda da Faransanci, ya dangwala yatsa. Shi a ranshi yafiya ya dangwala wa. Ashe takardar cewa ta yi laifin mai amalanke ne.

Na'Allah ya yi wata ɗaya da kwana tara a asibiti, aka sa mishi ƙarfe a cinya. Ya dawo gida bisa sanduna biyu, ya rame har wuya. Bai fara shiga ɗaki ba, turke ya nufa. Wule yana tsaye shi kaɗai, da tabo a kafaɗa, turken Ɓaleri babu kowa. Ya jingina goshi da goshin bijimin ya daɗe a haka. Jummai ta tsaya da kwanon fura a hannu, ta rasa ta miƙa ko ta koma.

Bayan kwana uku sai ga mota a ƙofar gida. Alhaji Abdulaziz ne, mai motar, mutumin Gidan Rumji, babban mutum da tumbi da carbi. Aka shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwa, ya yi jaje yadda ya kamata. Sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Baba Ɗanmalam, mu ba hwaɗa munka zo yi ba. Amma ga takarda, abin da anka rubuta shi anka rubuta. Yaronku shina barci, shanunai sunka hau hanya. Gaban motata duk ya tahi. Asirans, kamfanin inshora, ba su gyara min, sun ce in bi mai laihi. Ni ban son kotu. A ba ni wanga sa mai hwarin goshi in saida in gyara mota, magana ta mutu."

Baba Ɗanmalam ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Alhaji, ai mun yafe muku."

Alhaji ya ce, "Kun yahe mi, Baba? Mai laihi ka yahewa?"

Na'Allah yana jingine da bango, ƙafa a miƙe. Sai a lokacin ya ji abin da aka rubuta a kanshi. Ya ce, a hankali, "Alhaji, wa ya ce barci nake?"

"Direbana, da jinin da anka gani bisa kwalta."

"Wule ba ya hawa kwalta."

Alhaji ya yi dariya har carbi ya faɗi. "Ba ya hawa kwalta? Hwarmin tuƙi gare shi ko mi?" Ya tashi yana kakkaɓe riga, ya ce ya ba su kasuwa biyu, ranar ta uku zai aiko a kwance sa.

Kowa a gidan ya ce a haƙura. Baba Ɗanmalam ya ce talaka ba ya ja da takarda. Jummai ta ce ita dai da ya dawo da rai ya ishe ta. Na'Allah kuwa hankalinshi na kan Wule. Yana duban turke yana lissafi a zuci: in Wule ya tafi, amalanke ta tafi, shi da gurguwar ƙafa babu noma, babu jigila. Kuma har ya mutu, yaran gari za su riƙa cewa Sannu-Kwalta ya yi barci ya kashe sanshi.

Washegari ya sa aka ɗora shi bisa babur, ƙafa a miƙe kamar itace, har buron jandarma, wato ofishinsu. Ya zauna bisa benci tun safe har azahar kafin aka shigar da shi. Komandan dogo ne mai furfura a gefen kai, ba ɗan ƙasar nan ba ne amma ya iya Hausa. Ya buɗe takarda ya karanta, ya ce, "Malam, babanka ya sa hannu. Kana da shaida?"

"Ina da shi, ranka ya daɗe."

"Ina yake?"

"Yana gida a ɗaure."

Komanda ya cire tabarau. Na'Allah ya kwashe labarin jaki, da dusa da kanwa, da tafin hannu a goshi, ya faɗa mishi tsaf. Wani ƙaramin jandarma a bakin ƙofa ya toshe baki yana dariya. Komanda ya ce, "Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, ban taɓa rubuta sunan sa a layin shaidu ba."

Na'Allah ya ce, "Kar ka rubuta, ranka ya daɗe. Ka zo ka gani kawai. Ranar kasuwa a kawo shi inda abin ya faru. Alhaji ya zo da duk wanda yake so. Ni zan zauna nesa, ba zan ce uffan ba. In wani ya sa Wule ya ɗora kofato ɗaya bisa kwalta, Alhaji ya kama igiya ya tafi da shi a nan take, ni kuma in dangwala yatsa in ce barci nake."

Komanda ya dube shi. Ya ce, "Ka san abin da ka faɗa? Dabbar da mota ta buge ba ta zama yadda take da."

Na'Allah ya ce ya sani. Kuma gaskiya abin nan ya tsaya mishi a rai, don tun hatsarin ba a sake kai Wule bakin hanya ba. Ko ya manta? Ko tsoro zai sa ya zabura ya haye? Shi kanshi bai sani ba.

Ranar kasuwa, kai, ku da ba ku je ba kun yi asara! Labari ya riga ya zaga. Masu amalanke suka jera a yashi, masu babur suka kashe injin, mata da tallan fura suka sauke ƙwarya. Jandarma biyu suka tsaida motoci gabas da yamma. Alhaji ya zo da ƙarti huɗu da Sufyanu a bayansu yana kallon ƙasa. Bakari ne ya jawo Wule daga gida, sandarshi a wuya. Na'Allah aka zaunar da shi gindin wata bishiyar bedi, taku talatin daga hanya.

Bakari ya saki igiya ya koma gefe. Ɗaya daga ƙartin Alhaji ya kama ya ja. Wule ya biyo shi lafiya lau, tinƙis tinƙis, har bakin kwalta. Yana isa ya ƙame.

Ƙato ya ja. Ya ƙara ja har jijiyar wuyanshi ta fito. Biyu suka koma baya suna turawa, ɗaya ya murɗe wutsiya. Wule ya baje ƙafafu huɗu a yashi, ya sauke kai, ko gezau. Wani daga cikin masu amalanke ya ɗaga murya, "Ku bi a hankali, bai gama alwala ba!" Wuri ya ɗauki dariya, amma ranar dariyar ba Na'Allah ake yi wa ba.

Alhaji ya ce, "Ku bar jan shi, dabba da ciki aka kama ta." Ya sa aka sayo harawa ɗanya shar da kwanon dusa, aka ajiye bisa kwalta, taku biyu daga bakin yashi. Kuma Wule tun safe bai ci komi ba, komanda ne ya ce a kawo shi haka.

Na'Allah ya zuba ido. Wule ya shaƙi ƙamshi, hancinshi na motsi. Ya miƙa wuya. Ya ƙara miƙawa har harshe ya fito, bai kai ba. Sai ya ɗaga ƙafar gaba ta dama. Wuri ya yi tsit, har kukan akuya daga cikin kasuwa ana ji. Kofato yana sama, daidai bisa bakin kwalta. Na'Allah ya damƙe sandarshi, bakinshi na son ya buɗe, ya cije leɓe don ya yi alkawari. Jummai ta rufe fuska da mayafi.

Wule ya maida ƙafar cikin yashi. Ya ja da baya taku ɗaya, ya juya kai yana neman mai shi.

Mata suka ɓarke da guɗa! Komanda ya ɗaga hannu aka yi shiru. Wani cikin mutanen Alhaji, mai wayo, ya ce ai ya san sirrin, ya sha ganin Na'Allah na yi. Ya zagayo gaba, ya duba gabas, ya duba yamma da yanga, ya ɗora hannu a farin goshi ya ce, "Bismillah, mu je." Wule ya kaɗa kai sau ɗaya, ƙaho ya ɗebe mishi hula ta faɗa cikin dusa.

Alhaji ya fara gumi. Ya ce, "Komanda, ranar ai su biyu na. Baƙin shi yaj ja wanga."

Bakari ya matso. Ya ce, "Alhaji, karkiya ɗaya ce. A kawo wani nagge... a kawo wani sa a gwada." Nan take wani mai amalanke ya kwance nashi, ƙaton bijimi wanda ya saba ratsa hanya, aka haɗa shi da Wule a karkiya ɗaya aka kora. Baƙon ya hau kwalta abinshi. Wule ya dasa ƙafa. Amalanke ta juya a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa, ta dawo tana kallon inda ta fito.

Komanda ya ce, "Malam Na'Allah, zo."

Aka kwance baƙon sa. Na'Allah ya tashi bisa sanduna, ɗingis, ɗingis, taku talatin ɗin nan kamar tafiyar yini. Ya zagayo gaban Wule. Duk da jandarma sun tare hanya, sai da ya duba gabas, ya duba yamma. Ya maƙale sanda ɗaya a hammata, ya ɗora tafi a farin goshi. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Bismillah, mu je."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wule ya hau kwalta, ya wuce harawa bai ko dube ta ba, ya bi gurgun mai shi a hankali har ƙetare.

Kai! Wallahi har na cikin motocin da aka tsaida sai da suka fito suna tafi. Baba Ɗanmalam ya zauna a ƙasa yana kuka da dariya gaba ɗaya. Amma komanda bai yi dariya ba. Ya buɗe takarda ya ce, "Na gani. To jinin fa? A bisa kwalta aka auna jini. Wa zai gaya mini yadda ya hau?"

Sai aka ji murya daga baya, "Jinin Ɓaleri? Ai ni na zubar da shi nan!" Ado mahauci ne, ya baro teburinshi ya zo kallo, wuƙa a ɗamara. "Can cikin yashi muka same shi, kusa da waccan geza. Mu shida muka jawo shi nan don kar nama ya yi ƙasa."

Komanda ya ce, "Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

Ado ya buɗe hannuwa. "Ranka ya daɗe, wa ya tambaye ni? Ni nama na kai kasuwa kafin ya lalace, na kawo wa iyalinshi abin da aka samu. Na ɗauka taimako na yi."

Mutum uku suka fito suka ce da su aka ja. Wata tsohuwa ta ce ita ayar da ta tsince duk a yashi take, ko ƙwara ɗaya ba ta ɗauka bisa kwalta ba. Komanda ya juya wurin Sufyanu. Bai daka mishi tsawa ba, ya dai kira sunanshi. Yaro ya durƙusa a yashi ya ce tsoro ne, ya ji tsoron a karɓe mishi farmin tuƙi, Alhaji ya kore shi. Ya ce shi ne ya sauka daga hanya. Ya rarrafo wurin Na'Allah ya ce, "Yaya, ka yafe mini."

Na'Allah ya ce, "Na yafe maka bugun, don ba da gangan ka yi ba. Barcin da ka ɗora mini ne nake so ka sauke a takarda."

Alhaji ya tsaya yana juya carbi. Daga baya ya zo ya ba Na'Allah hannu, ya ce shi abin da anka gaya mai shi ya bi. Ya dubi Wule ya ce, "In kana saida shi, ni ka hwara gaya wa." Na'Allah ya ce ko da hiyas ɗin aka haɗa mishi ba ya bayarwa.

Komanda ya ce kar kowa ya yi murna tukuna. Shi zai sake rubutu da bakin Ado da na Sufyanu, amma takarda sai ta je Maraɗi, manya su duba, tsohuwar tana iya tsayawa, sabuwar tana iya tsayawa. Wule ya zauna a turkenshi, kar a sayar, kar a kwance, har a ji. Ya kuma ce wa Na'Allah ya tattara takardun lokotoro na asibiti ya kai buron asirans ɗin motar, don in laifi ya koma kan mota, su ne za su ɗauki ƙafarshi da sanshi da ya mutu. Baba Ɗanmalam ya ce, "Amma mun riga mun yafe." Komanda ya ce, "Baba, ka yafe wa yaro, Allah ya ba ka lada. Kamfani bai roƙe ka yafiya ba."

Na'Allah ya kai takardu, wata ma'aikaciya Madam Rukayya ta karɓa, ta rubuta lambar wayar salularshi. Aka shiga jira. Sati ɗaya, biyu, biyar. Salular nan ba ta rabuwa da aljihun gabanshi, ko masallaci zai shiga sai ya duba ko da caji. Duk motar da ta tsaya a bakin gari sai ya leƙa turke. Ya yar da sanda ɗaya, ya koma tafiya da ɗaya. Masu amalanke in sun wuce ƙofar gida sukan ce, "Sannu-Kwalta, yaushe za ka koya wa namu?"

Sai yau! Yau ɗin nan da hantsi, yana tsugune da ƙyar gaban Wule yana dama mishi dusa, hannu duk ya ɓaci, salula ta yi ƙara. Jummai ce ta ciro mishi daga aljihu ta danna yadda kowa zai ji.

"Alo, Malam Na'Allah ne? Madam Rukayya ce daga buron asirans, Maraɗi."

"Shi ne, Madam. Ina kwana, ina gajiya?"

"Lafiya lau. Sabuwar takarda ta iso, an sa mata hannu. Laifin hatsari an ɗora shi kan mota gaba ɗaya, kai babu komi a kanka. Maganin ƙafarka, da san da ya mutu, da amalanke, duk mu za mu ɗauka. Ka zo ranar Litinin da katinka na ɗan ƙasa."

Na'Allah ya ɗago kai, dusa na ɗiga daga yatsunshi. Ya ce, "Madam, to Wule fa?"

"Wane ne Wule?"

"San da ya rage."

Aka ji tana buɗe takardu, sai ta yi dariya. "Af, shi ne wannan? Ai ga sunanshi nan komanda ya rubuta, duk buro mun karanta. Naka ne, Malam. Babu mai taɓa shi."

Na'Allah ya karɓi salular da hannun dusa, ya kai ta saitin kunnen Wule. Ya ce, "Don Allah Madam, ƙara faɗa, ga shi nan yana ji."